Muhawara: ɗaukar ɗan kwangila don gyara ko sake shimfiɗa hanyar shigar mota gida

Uwar Biyu: Assalamu alaikum masana. Tambayata a kan hanyar shigar mota ce, wato daga get zuwa gareji. A ce faɗinta mita 3, tsawonta mita 15, tsohon kankare ne ya tsattsage, gefe ɗaya ya lotsa har ruwa na kwanciya. 'Yan kwangila uku sun duba. Na farko ya ce a zuba sabon kankare a kan tsohon, na biyu ya ce a fasa a sake daga tushe, na uku ya ce a fasa a jera intalok, wato ƙananan duwatsun siminti da ake bugawa. Kuɗin da suka yanka ya bambanta nesa ba kusa ba. Ta yaya ake gane mai gaskiya a cikinsu, kuma me ya kamata a rubuta kafin a ba da kafin alƙalami?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. A ajiye maganar kuɗi tukuna, a je a tsuguna a kalli tsagar. Ki ɗora miƙaƙƙen katako ya ratsa ta. Idan ɓangarorin biyu suna daidai da juna, kuma tsagar siririya ce wadda ba ta wuce milimita 3 ba, wannan tsukewar kankare ce lokacin bushewa, ana share ta a cike, aiki ya ƙare. Idan kuwa gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, katakon yana lilo, to ba kankaren ne ya gaza ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta motsa. Ki kuma samu guntun rodi ki bi kina ƙwanƙwasawa. Inda akwai ƙasa a ƙarƙashi za ki ji ƙara a dunƙule, inda ruwa ya rarake za ki ji kamar ganga. Duk wanda zai zuba sabon kankare a kan wurin da ke amsawa kamar ganga, kitso zai yi da ƙwarƙwata.

Baba Magini: Gaskiya ne Injiniya. In ƙara da cewa tsagar da ke ƙasa tana biyo sabon zubi ta fito sama, a daidai layinta, sau da yawa kafin shekara ta zagayo. Sannan zubi a kai yana ɗaga hanyar. In ka ƙara santimita 6 ko 7, sai ka tarar get yana gogar ƙasa, ko kuma hanyar ta fi bakin gareji tudu, ruwa ya riƙa shiga ciki. Wanda ya ce a zuba a kai, a tambaye shi ina ruwan zai bi bayan an ɗaga. In ya tsaya yana sosa ƙeya, an ji amsa.

Uwar Biyu: Ke nan na farkon a cire shi gaba ɗaya?

Injiniya: A wannan bayanin da kika bayar, e, tunda akwai lotsawa. Amma zubi a kai ba haram ba ne. Idan tsohon kankare yana nan daram, fuskarsa ce kawai ta ɓarɓashe, ana iya sassaƙe saman a wanke ƙura da mai, a shafa abin haɗi, a zuba. Haka kuma idan fale ɗaya, wato ɓangare guda na kankaren, shi ne ya nutse alhali bai farfashe ba, akwai masu huda ramuka su tura kunun siminti ko kumfa mai tauri ta ƙasa su ɗago shi. A ganina, in ɓarnar ta kai kashi ɗaya cikin uku na hanyar, faci asarar kuɗi ne.

Mai Awo: Hajiya, dalilin da ya sa kuɗin mutanen nan uku ya yi nisa da juna shi ne ba abu ɗaya suke sayar miki ba. Ki mayar da su kan ma'auni guda. Hanyarki murabba'in mita 45 ce. In kankare za a yi mai kaurin santimita 10 a kan tushen dakakkiyar tsakuwa santimita 15, haƙa zai kai zurfin santimita 25. Wato ƙasa da ɓaraguzan da za a kwashe sun haura mita kubik 11 a ramin, kuma idan aka haƙo su suna kumbura, su ci wuri fiye da haka a tifa. Tushen zai ci mita kubik 6.75 bayan daɓe, amma abin da za a sauke sai ya kai kamar 8 da ɗoriya, domin yana tsukewa. Kankaren kansa mita kubik 4.5 ne, a lissafa 5 saboda zubewa da rashin daidaiton ƙasa. A kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowace mita kubik na cin buhun siminti mai kilo 50 guda 6 zuwa 6 da rabi, ke nan wajen buhu 30 zuwa 32. To in wani ya kawo takarda da buhu 18 a ciki, ba rangwame ya yi miki ba, ko dai kaurin zai rage ko simintin. Ki ce kowannensu ya rubuta: zurfin haƙa, irin kayan tushe da kaurinsa bayan daɓe, kaurin abin da ke sama, yawan siminti, gangara, da wanda zai kwashe ɓaraguzai. A nan za ki ga wanda ya tsallake tushe.

Ɗan Intalok: Wannan kalmar "bayan daɓe" a ja mata layi. Nan ake yanka mutane. Santimita 15 a barbaje ba santimita 15 ba ce bayan inji ya hau.

Injiniya: Bari in tsaya a kan tushen nan, don shi ne aikin. Abin da ido ke gani a sama ado ne, abin da ke ɗaukar mota yana ƙasa, kuma da zarar an rufe shi babu mai sake ganinsa. Na farko, a kwashe baƙar ƙasar sama duka, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, domin tana ci gaba da ruɓewa tana nutsewa. Na biyu, a daɓe ƙasar asali kafin a zuba komai. Na uku, a zuba tsakuwa hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 10 in ƙaramin injin daɓe mai faranti ne, a yayyafa ruwa, a bi shi sau da yawa, sannan a ƙara na gaba. In aka juye santimita 20 lokaci ɗaya aka bi da ƙaramin inji, saman ne zai yi tauri, ƙasan na nan sako-sako.

Irin tsakuwar ma da magana. Ana son dakakken dutse mai kusurwa, gauraye manya da ƙanana har da garinsa, don ƙananan su cike tsakanin manyan su kulle. Tsakuwar rafi mai santsi, ƙwaya iri ɗaya, tana mirginawa ƙarƙashin nauyi. Danshin kuma ana gwada shi da hannu: ki dunƙula, in ya dunƙule bai jiƙa tafin hannu ba, daidai ne. In ya watse ya bushe da yawa, in ruwa ya tsiyayo ya jiƙe da yawa, kuma a duka biyun daɓe ba ya kamawa. Gwaji mafi sauƙi kafin a rufe: a sa tifa mai kaya ta taka a hankali, a tsaya a gefe ana kallon tayoyin. Inda ƙasa ta yi laushi kamar katifa ko ta bar kwari, a haƙe wurin a sake.

Baba Magini: In ƙasar wurin yumɓu ce, mai tsagewa da rani ta kumbura in ta sha ruwa, a ƙara kaurin tushe ya kai 20 ko 25, kuma a shimfiɗa wannan ƙyallen da ake sawa tsakanin ƙasa da tsakuwa, don kada laka ta haɗiye tsakuwar. Amma ni dai shawarata, a sa rodi. Kankare mai rodi ba ya tsagewa.

Injiniya: Baba, a gafarce ni, a nan na saɓa. Rodi ba ya hana tsaga. Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, kuma ƙarfinsa wajen jurewa ja bai fi kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danniya ba, don haka sai ya tsage, da rodi ko babu. Aikin rodi shi ne ya riƙe bakin tsagar kada ta buɗe, kada gefe ya hau kan gefe. Kuma ko wannan ba ya yi sai yana tsakiyar kaurin ko ɗan sama kaɗan. Abin da aka saba gani shi ne a shimfiɗa ragar ƙarfe a ƙasa, leburori su tattake ta da baro, a zuba kankare a kai, wai za a ɗago ta da ƙugiya ana zubi. Ba ta ɗagowa. Tana nan kwance a ƙasa tana tsatsa, an biya kuɗin banza. A ɗora ta a kan 'yan dunƙulen siminti tun kafin zubi.

Baba Magini: To na ji, amma ka yarda mai rodi ya fi daɗewa.

Injiniya: In an sa shi daidai, kuma in manyan motoci za su hau, na yarda. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin rodi da ƙarin tushe mai kyau, tushe zan ɗauka. Abin da ke sarrafa tsaga shi ne yanka. Ka ba kankare wurin da zai tsage da kanka, ya tsage a ɓoye cikin layi. Zurfin yankan rubu'in kauri ne, wato santimita 2.5 a fale mai 10. Tazarar kuma kamar mita 2.5 zuwa 3. A hanyar Hajiya, yanka huɗu zai ba da fale biyar, kowanne mita 3 da mita 3, wanda shi ake so, don fale mai kusurwa huɗu daidai ya fi dogo siriri zama lafiya. A yi yankan da wuri, cikin awa 6 zuwa 18 bayan zubi, ko a saka layin tun kankaren na ɗanye. Wanda ya ce zai dawo da zarto bayan kwana uku, zai tarar kankaren ya riga ya zaɓi nasa layin. Sannan inda hanyar ta haɗu da bango ko daɓen gareji, a sa wani abu mai laushi kamar santimita 1 a tsakani, kada a manne su.

Mai Kwalta: Kuna ta maganar kankare kamar ba wani zaɓi. Kwalta fa? Ba yanka, ba jiran mako guda, bayan kwana biyu ko uku mota ta hau. Tana lanƙwasa ta bi ƙasa maimakon ta karye.

Ɗan Intalok: Malam, mita 15 kacal za a kawo wa injin shimfiɗa da rola?

Mai Kwalta: Wannan ita ce matsalar, ban musa ba. Murabba'in mita 45 a kaurin santimita 6 bayan rola, kamar tan 6 da rabi ne. Ƙaramin aiki ne, kuɗin jigilar injina sai ya rinjayi na kayan, sai dai in maƙwabta sun haɗu. Amma ga wanda zai yi, ga abin lura. Kwalta tana zuwa da zafi, wajen digiri 140 zuwa 160, kuma dole a gama murje ta kafin ta huce ƙasa da kamar digiri 80. In motar ta daɗe a hanya ba a rufe ta da tamfol ba, za ta iso ta yi dunƙule-dunƙule, rola ba zai haɗe ta ba, bayan 'yan watanni tsakuwa ta fara zubewa. Tana kuma tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, don haka mai son santimita 6 sai an shimfiɗa wajen 7 da rabi. A karɓi takardar awon kowace mota, a haɗa tan ɗin, a gwada da lissafi. Ba a shimfiɗawa a kan jiƙaƙƙen tushe. In kan tsohuwar kwalta ce, sai an fesa ruwan kwalta mai manne tukuna. In kuma tsohuwar ta yi tsaga irin ta bayan kada, ƙanana-ƙanana a haɗe, wannan tushe ne ya mutu, a yanke wurin a haƙe, ba a rufe ba. Rauninta ɗaya da ya kamata a faɗa wa mai gida: man dizal da baƙin mai suna narkar da ita. Motar da ke ɗigar mai a wuri ɗaya kullum za ta yi rami a wurin.

Lauya: Mai Kwalta, ka manta da masu ƙwanƙwasa ƙofa.

Mai Kwalta: Ai kuwa. Tsohuwar dabara ce a wurare da yawa. Mutum zai zo da mota ya ce sun gama aiki a kusa, kwalta ta yi saura, zai zuba maka da araha amma yanzu-yanzu, kuɗi hannu. Kwaltar da ta yi saura ta riga ta huce, kuma ba haƙa ba tushe, za a barbaza ta siririya a kan ƙasa, ciyawa ta ɓullo bayan ruwan farko. Mai aikin gaske yana auna abin da zai saya, ba ya yawo da ragowa.

Ɗan Intalok: To bari in kare na ukun da ya ce intalok. Fa'idarsa babba ita ce gyara. In bututun ruwa ya fashe a ƙasa, ko wani wuri ya lotsa, a cire duwatsun, a gyara, a mayar da su, ba alamar faci. Amma shi ma akwai inda ake cuta. Kauri: na santimita 6 na tafiyar ƙafa ne da ƙaramar mota, in tankar ruwa ko motar kaya za ta riƙa shiga, na 8 ake so. Yashin shimfiɗa kada ya wuce santimita 3 zuwa 4, kuma ya zama mai kaifi, wankakke. Abin da malalacin ma'aikaci ke yi shi ne ya bar tushe da kwari da tudu, ya cike da yashi, wani wuri santimita 2 wani wuri 10. Ranar miƙa aiki sumul, bayan wata shida sawun taya biyu sun fito kamar kwari. Yashi ba tushe ba ne.

Sai bakin hanya. Intalok ba siminti ke riƙe shi ba, matsi ne. In ba a kafa dogarin gefe an zuba masa kankare a baya ba, duwatsun gefe za su buɗe, yashin tsakani ya zube, sauran su biyo. Jerin da ya fi jure mota shi ne mai kama da ƙayar kifi, domin layukan ba su miƙe ba, birki da juya sitiyari ba sa tura su. Bayan jeri a bi da injin daɓe mai roba a ƙasa, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsakani, a sake bi, a sake sharewa har ya cika. Lissafi: dutse mai santimita 20 da 10, guda 50 ne a murabba'in mita, hanyar Hajiya 2,250, a ƙara na yanka da fashewa ya zama kamar 2,400, kuma a ajiye saura don gaba, saboda launin wani bugun ba zai zo daidai ba.

Uwar Biyu: Ingancin dutsen fa? Ta yaya wanda ba sana'arsa ba zai gane?

Ɗan Intalok: Ki ɗauki biyu ki gwara su. Mai kyau yana ƙara tas kamar ƙarfe, marar kyau yana amsawa a mace. Ki murza kusurwa da babban yatsa, in yashi ya zubo a bar shi. Ki fasa ɗaya ki ga cikinsa, ko a cure yake ko ramuka ne. Ki auna kaurin guda goma daga wurare daban-daban na lodin. Kuma a tambayi ranar da aka buga, don wanda bai ƙosa ba yana farfashewa a ƙarƙashin injin daɓe. Farin gishirin da ke fitowa a fuska a watannin farko ba aibu ba ne, yana tafiya da kansa.

Baba Magini: Mu koma ranar zubi, in kankaren aka zaɓa, don a nan mai gida ya kamata ya ajiye kujera ya zauna. Babban abokin gaba ruwa ne. Leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya bi shebur da sauƙi. Buhu ɗaya kada ya sha fiye da lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Duk ruwan da ya wuce haka zai ƙafe ya bar ƙofofi a ciki, ƙarfi ya ragu, tsaga ta ƙaru. A ware bokiti ɗaya na awon ruwa, kada a bar tiyo a bakin injin kwaɓa. Awon yashi da tsakuwa ma da mazubi ɗaya, ba da shebur ba, domin shebur ɗin safe da na la'asar ba ɗaya ba ne. Buhun siminti kamar lita 35 ne, don haka 1:2:4 na nufin yashi lita 70, tsakuwa lita 140. In motar kwaɓaɓɓen kankare ce ta kawo, a karanta takardarta, a hana kowa ƙara ruwa a wurin.

Yashin ma a gwada. A zuba a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. In lakar ta doshi kashi ɗaya cikin goma na tsayin, a mayar da shi. Bayan zubi, ruwa zai taso sama yana ƙyalli. A jira ya ƙafe. Masu gaggawa suna barbaɗa garin siminti a kai su shafe da cokali, ya yi sheƙi, bayan wani lokaci fuskar ta riƙa ɓarewa kamar ɓawo. Kuma hanyar mota ba a yi mata santsi irin na ɗaki, a ja buroshi a kai ta yi kaushi.

Injiniya: Sai ban ruwa, wanda kusan kullum ake wasa da shi don ranar an riga an biya. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake da ruwa. A rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, ya zauna da danshi kwana 7 a jere. Yayyafi sau ɗaya da safe a bar shi rana ta gasa ba ban ruwa ba ne. A kwana 7 ya kai kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ƙaramar mota na iya hawa. Babbar mota sai bayan kwana 28. A rubuta wanda ban ruwan ke wuyansa. A ƙasashen da ake ƙanƙara kuma akwai ƙarin sharaɗi, a nemi kankare mai ƙananan kumfar iska a ciki, kuma a guji watsa gishiri a hunturun farko.

Mai Awo: Ba wanda ya yi maganar gangara sosai, alhali ita ce ta kashe tsohuwar hanyar. Santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga gida zuwa waje. A tsawon mita 15, wato bakin gareji ya fi bakin get tudu da santimita 15 zuwa 30. In wurin bai ba da haka ba, a karkatar da ita gefe, santimita 6 a faɗin mita 3, zuwa ƙaramar magudana. In titi ya fi gidan tudu, sai an sa lambatu mai murfin ƙarfe a gaban gareji, da bututun da zai fitar da ruwan. A ja igiya a buga turaku a nuna wa mai gida kafin haƙa. Kuma indararon rufi kada ya zuba a gefen hanya, shi ke rarake tushe. Abu ɗaya mai araha da ake mantawa: a binne bututun roba fanko mai faɗin santimita 10 ya ratsa ƙarƙashin hanyar, a toshe bakinsa biyu. Ranar da za a ja waya ko ruwa zuwa ɗaya gefen, ba sai an fasa ba.

Lauya: Yanzu takarda, Hajiya. Duk abin da suka lissafa ya shiga ciki da lambobinsa. "Za a yi aiki mai inganci" ba sharaɗi ba ne, babu alƙalin da zai iya auna shi. Biya ya bi matakin aiki, ba kwanan wata ba: kafin alƙalami kaɗan, wani kaso bayan haƙa da kwashe ɓaraguzai, wani bayan an ga tushe an amince, wani bayan shimfiɗa, sannan a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har hanyar ta sha ruwan sama mai ƙarfi ko wa'adin da aka yarda ya cika. A rubuta cewa ba za a rufe tushe ba sai mai gida ko wakilinsa ya gani. A ɗauki hoto da tef ɗin awo a cikin ramin a wurare uku ko huɗu. Garanti ya fayyace abin da ya ƙunsa, don babu mai kankaren da zai lamunce siririyar tsaga, amma lotsawa, kwanciyar ruwa da ɓarewar fuska suna wuyansa. A rubuta wanda zai biya in an fasa bututu ko an yanke waya. A tambaya ko shi zai yi aikin ko zai sayar wa wani. Inda doka ta tanadi lasisi da inshora, a ga takardun da ido. Kuma bakin da hanyar ta haɗu da titi galibi ba na mai gida ba ne, a nemi izinin hukuma kafin a taɓa shi ko a rufe magudanar titi.

Ɗan Kwangila: Ku yi mana adalci dai. Duk laifi kun ɗora mana. Mai gida ne zai ɗauki takarda mafi araha ya nuna wa mai gaskiya ya ce ya sauko, in ya ƙi a ce ya cika tsada. Ana tsakiyar aiki ya ce a faɗaɗa da mita ɗaya, ranar biya ya ce ba a yi haka da shi ba. A ce kada mota ta hau, kwana uku ya shigo da tifar yashi, gefe ya karye ya ce algus aka yi. Kuma riƙe kuɗin nan, wasu ba sa saki har abada.

Lauya: Maganarka a kan hanya take, shi ya sa takardar take kare ku duka. Duk canji a rubuta shi da kuɗinsa, a sa hannu kafin a taɓa. Ranar sakin kuɗin riƙo a rubuta ta. Nauyin motar da aka yi hanyar dominta ma a rubuta.

Ɗan Kwangila: To a ƙara wannan. Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin tsohon kankare sai an fasa. Ana iya tarar da tsohon rami da aka cike da shara, ko saiwar bishiya mai kaurin cinya. A yanka kuɗin ƙarin haƙa da ciko a kan kowace mita kubik tun farko, don kada a tsaya ciniki rami na buɗe. Kuma mai son ya gane mu, kada ya kalli hoton waya. Ya ce a kai shi aikin da ya shekara uku ko huɗu, ya je bayan an yi ruwa, ya ga inda ruwa ya kwanta, ya kalli gefuna da bakin get inda taya ke juyawa, ya yi magana da mai gidan ba a gabanmu ba.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: ranar karɓar aiki me za a duba kafin a biya?

Mai Awo: Ki saki tiyo daga bakin gareji na minti goma, ki bi ruwan da ido. Ya tafi inda aka ce zai tafi, kada ya koma wajen bango. Bayan an rufe famfo, in wani wuri ya riƙe ruwan da zai nutsar da tsabar kuɗi, a yi masa alama da alli. Ki ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 3 a wurare da dama, ratar ƙarƙashinsa kada ta wuce kamar milimita 6. Ki auna kauri a gefe inda aka cire katakon zubi, ki zura waya cikin yankan ki ga ya kai santimita 2.5. Ki buɗe get ki rufe har ƙarshe.

Baba Magini: Kauri a gefe yana yaudara Hajiya, wasu suna zurfafa gefen su bar tsakiya da tudu. Awon gaskiya kafin zubi ne: a ja igiya daga saman katakon gefe zuwa ɗaya gefen, a auna daga igiyar zuwa tushe a tsakiya. In an ce 10, a ga 10 a can. Kuma a ƙirga buhunan da aka zazzage da yamma, a yaga kowanne bayan ƙirga.